Lambar da Ke Wayar Dogo

Masu shirya taron sun kama mata ɗaki mai gado biyu, wai ko za a samu wata mace cikin masu jawabi su zauna tare. Ba a samu ba. Haka Injiniya ta kwana a gado ɗaya, jakarta ta kwana a ɗayan, gari ya waye babu wanda ya ce da wani ina kwana.

Ta yi salla, ta shimfiɗa tawul a ƙasa ta goge doguwar rigarta, saboda teburin gugar otal ɗin ƙafarsa a karye take. Ta haɗa shayi ta manta da shi har ya huce. Duk abin nan da take yi idonta na kan waya, wayar kuwa ta yi tsit a kan filo.

A da ba haka safiyar taro take zuwa mata ba. Kafin ta buɗe ido saƙon Dogo ya riga ya iso: "Kin ci wani abu? Kada ki hau da yunwa, kin san muryarki rawa take yi." Dogo abokin aikinta ne, tare suka haɗa manhajar da ƙananan asibitoci ke ajiye bayanan marasa lafiya a ciki, kuma shi ne mutumin da ta ce in ba shi ba sai dai a bar ta haka. Shi ba ya zuwa taro. In ya ga mutane sun cika ɗaki, ƙofa yake fara nema. Ita ke hawa dandamali ta yi wa masu rubuta manhaja bayani, shi yana gida gaban kwamfutarsa yana tsare mata baya.

Makonni ke nan rabon da ta ji muryarsa.

Ba faɗa suka yi ba, da faɗa ne ai da sauƙi. Innarsa ce ta kira shi ta zaunar, a daidai lokacin da maganar aurensu ta fara nisa. Ta ce ita ba ta ƙi yarinyar ba, hankali da kunya duk ta yaba, amma ba za ta haɗa ɗanta da matar da kullum jakarta ke bakin ƙofa ba. Ko dai ta ajiye yawon taro a yi aure, ko kowa ya kama gabansa. Ta kuma sa ya rantse mata, ba kira ba saƙo, har sai Injiniya ta ba da amsa.

Dogo kuwa maraya ne, Inna ce uwa, ita ce uba. Ya roƙi alfarmar saƙo ɗaya, ya rubuto mata komai, daga nan ɗif.

Wayar ta yi ƙara. Injiniya ta yi tsalle har ta kusa taka dutsen guga. Da ta duba sai jikinta ya yi sanyi, Yayarta ce.

"Auta, kina ina ne kuma?"

"Ina wurin taro, Yaya. Ai na faɗa miki."

"Ke kullum kina wurin taro. Ni har yau ban gane yadda mutum da hankalinsa zai ajiye kayansa a gajimare ba. In aka yi ruwa fa?"

"Yaya, suna ne kawai. Manyan kwamfutoci ne na haya a wani gini can nesa, ta intanet ake shiga."

"To ai sai a ce gidan haya, kowa ya huta." Yaya ta yi dariya, sannan muryarta ta sauka. "Bar wannan. Baba ya ce in faɗa miki Darakta ya sake zuwa gaishe shi. Ya ce shi ba zai yi miki dole ba, bai taɓa yi wa kowa a cikinmu ba, amma ya gaji da riƙe ƙofa a buɗe ga mutanen da suka yi gum. In kin dawo yana son jin magana ɗaya."

Darakta shi ne mai babban kamfanin da ke ɗaukar nauyin irin waɗannan taruka. Ya daɗe yana bin ta da murmushi da turare.

"Yaya, ba na son sa."

"Me ya rasa? Wanda kike so, uwarsa ta ce ki ajiye aikinki. Wanda ya ce ki ci gaba da aikinki, kin ce ba kya so. To mu yi yaya da ke, Auta?"

Injiniya ta zauna a bakin gado. Ta share ido, ta ja hanci.

"Kuka kike yi?"

"Mura ce."

"Murar nan ta daɗe," in ji Yaya a hankali. "Ki yi tunani, ƙanwata. Ba a riƙe igiya biyu da hannu ɗaya. Allah ya ba da sa'a."

Zauren taron ya cika tun da hantsi. Samari ne galibi, da baƙaƙen riguna da jakunkunan goyo, kowa da laftof a cinya, ana ta rububin soket kamar ana rabon gado. Tana shiga aka fara, "Injiniya! Injiniya, hoto ɗaya don Allah!" Ta tsaya, ta yi murmushi, aka ɗauka, aka sake ɗauka. Mutum ya fi ɗari da ya san sunan jawabinta, babu ko ɗaya da ya san ba ta karya ba. Kaɗaici a cikin taro ya fi na ɗaki ciwo, don a ɗaki ko ba komai ba sai ka yi murmushi ba.

Ta sulale zuwa wani ɗan ɗaki a bayan dandamali, inda aka jibge kujerun da suka rage da katan-katan na ruwa. Wata fanka ce a kusurwa tana juya kai tana ƙara. Ta ɗora laftof a kan katan ta buɗe.

Jawabinta ba na baki kaɗai ba ne. Abin da ya sa ake gayyatar ta shi ne gwajin da take yi a gaban jama'a: sai ta kashe ɗaya daga cikin kwamfutocin da manhajarsu ke zaune a kai, kowa yana kallo a majigi, a ga yadda wata za ta karɓi aikin nan take ba tare da asibiti ko ɗaya ya rasa komai ba. In babu wannan gwajin, jawabin ya zama surutu.

Ashe laftof ɗin ta sabunta kanta tun da asuba, ta fitar da ita daga asusunsu na gajimare.

Ta rubuta kalmar sirri, ta shiga. Sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allo yana neman lambar tabbatarwa.



Lambobi shida ne, da ke canzawa duk bayan rabin minti, kuma a waya ɗaya tak suke fitowa a duniya. Wayar Dogo.

Duk wanda ya san aikin zai ce wannan sakarci ne, kuma ya yi gaskiya. Ita da kanta tana da shafi guda a cikin jawabin nan da take gargaɗin mutane kada su bar mabuɗi a hannun mutum ɗaya, har da hoton kwaɗon ƙofa ta sa. Tun ranar da Dogo ya yi ɗif ya kamata ta nemi a mayar da lambar wayarta. Ba mantawa ta yi ba. Kullum sai ta buɗe wurin, ta kalla, ta rufe. Shi ne zare na ƙarshe da ya rage tsakaninsu, ta kasa sa masa almakashi.

Ƙamshin turare ya riga mai shi shigowa.

"Tauraruwarmu!" in ji Darakta, yana gyara agogo. "Na ce bari in zo in ga shiri. Lafiya na ga fuskarki haka?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Ya leƙa allon. Mutum ne da ya san aikin, kallo ɗaya ya ishe shi.

"Lambar tana wurinsa ko?"

Ta kau da kai.

"To mene ne abin damuwa? Ga asusun kamfanina nan. In kira yarana su haɗa miki wani gwajin yanzun nan, ko bai kai naki ba zai rufa asiri." Ya ja kujera ya zauna, ya sassauta murya. "Injiniya, ni ba yaro ba ne, ba na iya dogon zance. Ni ba zan taɓa ce miki ki sauka daga dandamali ba. Ni zan sayi tikitin jirgin, in zauna a layin gaba in tafa. Mace irinki ba a ɓoye ta. Ki duba dai yau, a ranar da kika fi buƙatar mutum, wa ke tsaye a gabanki?"

Abin haushin shi ne bai faɗi ƙarya ba. Da mugu ne da ta ji daɗin ƙin sa. Amma ta san in ta hau da asusunsa, da tambarin kamfaninsa a saman majigi, kafin ta sauka labari ya isa gida, kuma Baba zai ɗauka amsar ke nan.

"Na gode, ranka ya daɗe. Zan gwada wata hanya."

"Saura kaɗan a kira ki fa."

"Na sani."

Ya miƙe yana murmushi, irin na wanda ya saba jira ya samu. "Ina layin gaba. Ɗaga hannu kawai za ki yi."

Da ya fita ta tura ƙofar ta jingina da ita. Ta nemo lambar Dogo. Ta daɗe tana kallon sunan, sannan ta yi bismilla ta danna.

Aka ɗauka. Babu sallama. Ta ji motsin kujera, ta ji takun silifa, ta ji an ɗaga labule. Sai muryarsa, can nesa da wayar, a dushe:

"Inna, ga waya. Ita ce."

Injiniya ta toshe bakinta da mayafi. Kalmomi kaɗan ne, kuma ba da ita ake ba, amma sai da ta nemi katan ɗin ruwa ta zauna.

"Salamu alaikum," in ji Inna.

"Wa alaikumus salam. Inna, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Amsar ce kika kawo?"

"Inna, ki yi haƙuri, ba ita ba ce. Wallahi ba don in sa shi ya karya rantsuwa na kira ba. Wata lamba ce a wayarsa, in ban same ta ba ba zan iya shiga wurin aikinmu ba, ga mutane sun cika zaure suna jirana."

"Lamba? Ke da kike injiniya, mabuɗin aikinki yana aljihun wani?"

"Kuskurena ne, Inna."

Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya. "Kai, zo ka nuna min abin. Amma kada ka kuskura ka yi mata magana."

Aka sa wayar a lasifika, don Injiniya ta fara jin ɗakin gaba ɗaya: rediyo yana magana ƙasa-ƙasa, wani famfo yana ɗiga. Ta san ɗakin. Ta san tabarmar da Inna ke zama, ta san kusurwar da Dogo ke tsayawa yana sunkuyar da kai don kada ya bugi fanka.

"Ina tabarauna? Yauwa. To. Huɗu. Tara. Wannan ɗaya ne ko bakwai? Kai, matso da shi. Bakwai ne. Sai... a'a! Sun gudu!"

"Canzawa suke yi, Inna. Ki karanto sababbin."

"Biyu. Biyu kuma. Sifili. Wannan mai ciki biyun takwas ne ko? Takwas. Sai... La ilaha illallahu, sun sake gudu! Wai lambobin nan aljanu ne?"

Injiniya ta yi dariya ba ta shirya ba, dariyar ta haɗu da hawaye ta shaƙe ta.

Sai ta ji Dogo ya yi gyaran murya.

"Inna, ki tambaye ta ko ta ci abinci."

"Ni ka mayar 'yar aike?" Sannan, a gajiye: "Wai kin ci abinci?"

"Na sha shayi, Inna."

"Inna, ki ce mata ba ta sha ba. Ga muryarta nan tana rawa."

"Kai, fita min daga ido!" Amma Injiniya ba ta ji takun fita ba. Da Inna ta sake magana babu wasa a muryarta. "'Yar nan, duk tafiyar da kike yi, sai ya ba ki lambar nan?"

"E, Inna."

"Yana zaune yana jiran ki kira?"

"E."

"Ashe shi ya sa. Duk ranar da aka ce kin yi tafiya, yaron nan ba ya cin abinci. Sai ya zauna da waya a kan cinya kamar mai renon jariri. In na aike shi ya ce anjima. In ruwa ya zubo ya tashi ya tsaya a taga, wai ko jirginku ya sauka. Na ɗauka ciwo ne ke damunsa. Ashe tun ba a ɗaura ba ya fara zaman jira."

"Inna..."

"Bari in gama. Kina tsammanin ƙin ki nake yi? Wallahi da ina da ɗiya da irinki zan roƙa. Amma ni na san zaman jiran mai tafiya, ba labari aka ba ni ba. Ubansa direban babbar mota ne. Na san ƙarar kowace mota da ke bi ta layinmu, ina jin ta tun daga kwana in ce ba shi ba ne. Abinci ya huce in ɗumama, ya sake hucewa. Yaron nan a bakin taga ya koyi tsayuwa. Ran nan aka yi sallama, na fita da gudu ko takalmi babu, sai na ga baƙo riƙe da hular ubansa a hannu."

Muryar Inna ta karye. Rediyon ya ci gaba da surutunsa.

"Na yi wa kaina alkawari ɗana ba zai gaji tagar nan ba. Shi ke nan laifina. In laifi ne, na ɗauka."

Hawaye suka wanke wa Injiniya fuska, har kwallin da ta sa da safe ya bi su. Da Inna zagi ta yi da ta san abin da za ta ce.

"Inna, ni ma ba daɗin tafiyar nake ji ba," ta ce da ƙyar. "Ɗakunan otal duk iri ɗaya ne. In ci ni kaɗai, in yi magana da bango. Wani lokaci in na sauka daga dandamali ana tafi, sai in shiga banɗaki in yi kuka, don babu wanda zan juya in ce wa ka ga yadda na yi? Shi kaɗai nake kira."

"To ki bari mana, 'yata. Ki zauna ku yi aikinku a gida, ga shi ga ki. Me ya yi zafi?"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. "Injiniya, mai jawabi ya kusa gamawa! Ke ce ta gaba!"

"Na ji ana kiranki," in ji Inna. "Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ba ni gaskiya don Allah. Wannan taron shi ne na ƙarshe?"

Ga dama ta samu. Kalma ɗaya ce, e, kuma ta san Dogo yana tsaye ya riƙe numfashi yana jiranta. In ta faɗa, yau ɗin nan za ta ji muryarsa yana kiran sunanta. Baba zai huta, Yaya za ta yi guɗa, Darakta zai kai turarensa wani wuri. Har ta buɗe baki.

Amma ta san kanta. Ita ce auta a gida mai yawa, ta girma ana ce mata yi shiru manya na magana. Ranar da ta fara riƙe makirfo, ta ga ɗaki guda ya yi tsit don ya ji abin da ke kanta, ranar ta san abin da Allah ya yi ta dominsa. In ta ce e yau, za ta cika alkawarin shekara ɗaya, ko biyu, sannan ta fara tsayawa a taga ita ma, tana jin haushin mutumin da ta fi so a duniya.

"A'a, Inna," ta ce, tana kuka sosai yanzu. "Ba shi ne na ƙarshe ba. Da zan iya yi miki ƙarya da na yi, don wallahi ina son sa, ina son sa fiye da yadda bakina zai iya faɗa a gabanki. Amma ba zan shiga gidanki da ƙarya ba."

Famfon can ya ɗiga, ya sake ɗiga.

Aka sake buga ƙofar, da ƙarfi wannan karon.

Sai muryar Dogo, tana rawa kamar ba tasa ba:

"Inna. Shida, uku, uku, tara, ɗaya, biyar."

Inna ba ta maimaita ba. Yatsun Injiniya suka rubuta da kansu. Akwatin ya ɓace, asusun ya buɗe.

"Kin ji da kunnenki, ba sai na faɗa ba," in ji Inna, a hankali ƙwarai. "Na gode da ba ki yaudare ni ba. Je ki, ana jiranki. Amma in kin sauka, 'yata, ki mayar da abin nan wayarki. Ki sauke masa."

Layin ya yanke.

Ta wanke fuska da ruwan gora, ta goge da gefen mayafi, ta ɗauki laftof ta fita.

Wanda bai sani ba ba zai taɓa cewa ta yi kuka ba. Ta yi sallama, ta yi musu barkwanci a kan rububin soket, zaure ya ɗauki dariya. Ta yi bayanin yadda ake raba aiki tsakanin kwamfutoci a wurare daban-daban, don in wuta ta ɗauke a nan can ya ci gaba. Sannan ta ce, "To yanzu ku kalla, zan kashe wannan a gabanku." Ta danna. Wani layi a majigin ya koma ja. Zauren ya yi tsit, har ana jin kukan na'urar sanyaya ɗaki. Sai na ƙasansa ya haska kore, aikin ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Tafi ya tashi kamar ruwan sama a kan kwano. Darakta ne ya fara miƙewa tsaye.

Idonta ya sauka kan wayarta da ke gefen laftof, don a daidai nan ne Dogo kan turo mata cewa komai lafiya daga ɓangarensa. Fuskar wayar baƙa ƙirin.

Da ta iso shafin nan mai hoton kwaɗo ta karanta shi da sauri ta wuce.

Bayan ta sauka aka yanyame ta. Wannan yana son hoto, wancan yana son ta duba masa manhajarsa, wani daga wani yanki ya riƙe ta da magiya sai ta zo nasu taron. Darakta ya ce akwai liyafar masu jawabi, mota na jiranta a waje. Ta ce kanta ke ciwo, kuma wannan karon ba ƙarya ta yi ba.

Da la'asar zauren ya watse. Ma'aikata suka shiga naɗe wayoyi suna ɗora kujeru kan juna. Injiniya ta zauna a layin ƙarshe, inda ba a kai ga kwashewa ba, ta buɗe laftof a cinyarta. Inna ta roƙe ta abu ɗaya, kuma Inna ta yi gaskiya. Ba adalci ba ne ka ce wa mutum ba za ka zauna ba, sannan ka bar shi riƙe da mabuɗinka.

Ta shiga wurin nan da kullum take buɗewa tana rufewa. Ta danna inda aka ce a sauya waya. Sai akwatin ya sake fitowa: kafin a cire tsohuwar waya, sai an kawo lamba ɗaya daga cikinta.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kira.

Bugu ɗaya aka ɗauka. Wannan karon babu takun silifa, babu ɗaga labule. Numfashi kawai take ji, kusa da wayar sosai.

"Dogo."

Shiru.

"Na san ba za ka yi magana ba, ban kuma kira don in sa ka saɓa wa Inna ba. Ta ce in mayar da abin wayata. Lamba ɗaya nake so, ta ƙarshe. Ka kai mata wayar, ko ka faɗa wa bango in ji."

Wani ma'aikaci ya wuce ta gabanta da kujeru a ka. Ta san lambobin sun canza. Ta jira, suka sake canzawa.

"Don Allah kada ka wahalar da ni. Ka ji abin da na ce da safe, ban janye ba. Ba zan iya zama yadda Inna ke so ba. In ka ba ni lambar nan shi ke nan, ba ni da sauran dalilin kiranka, kai ma ka huta da zama da waya a cinya. Ka ba ni in je in ba Baba amsarsa."

Numfashin ya sarƙe. Ta ji ya ja hanci, irin na namijin da ke ƙoƙarin kada a ji.

Bai ce komai ba. Bai tashi ya nemi Inna ba.

Sai a lokacin ta gane: shi ma ya kasa sa wa zaren almakashi.

"Ba za ka ba ni ba ko?" ta ce, muryarta can ƙasa.

Ta rufe laftof ɗin a hankali, ta kifa goshinta a kansa, wayar manne da kunnenta. Kukan da ya zo mata ita kanta ba ta san na daɗi ne ko na baƙin ciki ba. Babu abin da ya warware. Inna tana nan kan bakanta, Baba yana jiran magana ɗaya, ita kuma ba ta da wadda za ta ba shi.

Can daga cikin gidan ta jiyo muryar Inna, daga nesa:

"Kai! Da wa kake magana?"

"Ba magana nake yi ba, Inna."

Bai kashe wayar ba. Ita ma ba ta kashe ba.